Igiyar Rimot da Muƙamuƙin Gwaggo Darla

Brainerd, Minnesota
Janairu 2007

Zuwa ga Gwaggo Darla,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi. Na yi ta kiran gidanki, sai daga baya na tuna likita ya ɗaure miki muƙamuƙi da siririn ƙarfe, ba ki iya magana. Shi ya sa na ɗauko takarda. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san ko da baki ban iya tsara zance ba.

Har yanzu abin da ya faru ranar Kirsimeti bai bar idona ba. Na ajiye akwatin wasan da Baba ya saya mini a ƙasan gado, ban ƙara jona shi da talabijin ba. Da na rufe ido sai in ga Baba ya ja hannu baya zai jefa ƙwallon bolin na cikin wasan, wanda ake gangarawa a kayar da kwalabe, rimot ɗin da ake kaɗawa a yi jifan ya fita daga hannunsa ya same ki a baki, kin ja da baya kin faɗi a kan dutsen murhu. Na wanke kafet ɗin, amma wurin bai fita duka ba.

Dalilin rubuto wannan wasiƙa shi ne in tambaye ki wani abu. Ranar Asabar Baba yana kwashe ƙanƙara a ƙofar gida, wani mutum ya tsaya da mota ya ce, “Kai ne Gordon Halvorsen?”

Baba ya ce, “In taya ni aiki ka zo yi, ni ne. Ga shebur can.”

Mutumin bai yi dariya ba. Ya miƙa masa ambulan ya koma mota. Baba ya tsaya a cikin sanyin nan ya karanta, ko safar hannu bai cire ba. Da ya shigo na tambaye shi lafiya, ya ce, “Lafiya lau. Yayata ce ta kai ni kotu.” Daga nan ya ɗauki kayan kamun kifinsa ya fita, bai dawo ba sai da abinci ya huce.

Gwaggo, da gaske ne? Na ga sunanki a sama, sunansa a ƙasa, tare da sunan kamfanin da ya yi wasan. Wataƙila kuskure aka yi a ofis. Tun da Mama ta rasu, ke da Baba kaɗai nake da su, kuma ban san yadda zan yi ba in ɗaya ba ya magana da ɗaya.

Ki huta lafiya. Ina yi miki addu’a kullum.

’Yarki,
Linnea

*

Duluth
Janairu 2007

Linnea,

Na amsa gaisuwarki. Jiki yana nan yadda ubanki ya bar shi.

Tunda kin tambayi sauƙi, bari in ba ki labarinsa. Jiya matan coci suka kawo mini kaza da dankali. Na zuba a injin markaɗe, na ƙara ruwa, na zuƙe ta ɗan bututun roba kamar jaririya. Ina yawo da ’yar filaya rataye a wuya, wai in amai ya taso in yanke ƙarfen kada in shaƙe. Shekara da shekaru ni ke jan waƙa a coci, yanzu sun ba Carol Oberg, wadda muryarta kamar ƙofar gareji. Ina zaune a bencin baya ina jinta, ko tsaki ba na iya yi.

Ba a yi kuskure a ofis ba. Kuma ubanki ya daina wannan wasan kwaikwayon a cikin ƙanƙara, don ya san sarai ba shi nake nema ba. Asibiti ba kyauta suke ɗinke mutum ba. Yana da inshorar gida, su kuma ’yan inshora ba sa motsi sai an rubuta sunan mai gidan a takardar ƙara. Haka ake yi, kowa haka yake yi. Da shi ne ya faɗi a falona da tuni ya yi mini, har da murmushi. Ya zo asibiti sau ɗaya da furen da ya saya a gidan mai, ya ce, “Darla, yanzu dai za mu huta da surutu.” Wai raha yake yi.

Yanzu ki saurare ni da kyau. Lauyana, Mista Brandvold, ya ce ba ni kaɗai ba ce. A ko’ina cikin ƙasar nan igiyar da ake ɗaura rimot ɗin a hannu tana tsinkewa, ana fasa talabijin, ana fasa goshi. Kamfanin da kansa ya fara raba wata mai kauri, ke nan sun san ta farkon ba ta da ƙarfi. Su ne manyan masu laifi, su za su biya babban kaso, ubanki kuwa sunansa kawai aka ara.

Mu uku ne a falon. Ni ina ƙasa cikin jini, ubanki kuwa ba a yarda da bakinsa tunda shi ake ƙara. Saura ke. Za a kira ki ofishin lauya ki rantse, ki faɗi abin da kika gani. Igiyar tana hannunsa, ya kaɗa, ta tsinke. Jimla ɗaya ce, ko ke mai jin kunyar gaida mai kawo wasiƙu za ki iya.

Ki riƙa saka hula in za ki makaranta. Na san shi ba zai lura ba.

Gwaggonki,
Darla

*

Brainerd
Fabrairu 2007

Zuwa ga Gwaggo Darla,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata ciwon yana raguwa. Na gode da amsarki. Ina saka hula.

Na jinkirta rubutu ne don na fara na yaga, na sake farawa na yaga. Gwaggo, don Allah kada ki yi fushi. Ba haka nake tuna abin ba.

Abin da nake tunawa shi ne, duk lokacin da aka kunna wasan, gargaɗi yana fitowa a talabijin da hoton hannu, cewa a ɗaura igiya, a kuma tabbata babu mutum a kusa. Ke kika fara jefawa. Igiyar ta riƙa sarƙewa da awarwaronki, kika ce, “Ni da nake bolin tun kafin a haifi wanda ya ƙera wannan abin, sai an ɗaure ni kamar kare?” Almakashin da muka yanka takardar naɗe kyauta yana kan tebur. Kika ɗauka kika datse igiyar, kika jefa ta cikin tarin takardun da muka ƙona daga baya. Kika jefa ƙwallo, kika kayar da kwalaben duka, kika yi rawa.

Da aka zo kan Baba, kika je kika tsaya a gefen talabijin, kamar yadda kuke yi wa juna a gidan bolin don a ruɗa mai jifa. Kina tafi kina cewa, “Gordy mai hannun man shanu, jefa mu gani!”

Ya ce, “Matsa, tsohuwa, kada ki ce ban gaya miki ba.”

Kika ce, “Ko bango ba ka iya samu, balle ni.”

Ina jin daɗi a lokacin, don na daɗe ban ga kuna dariya tare ba. Daga nan abin ya faru.

Na tambayi malamar da ke koya mana tsarin mulki, ba tare da na ambaci suna ba, me ake yi wa wanda ya rantse ya faɗi abin da ba haka ba. Ta ce laifi ne babba. Amma ba tsoron wannan ne ya fi damuna ba. Ni dai in na buɗe baki zan faɗi abin da ban gani ba, muryata tana ɗaukewa, kowa zai gane.

Ba za a iya barina a gida ba? Ko ki ce wa Mista Brandvold ba ni da amfani, gaskiya ne ma. Ko ku zauna ke da Baba a gaban Fasto, ko da rubutu za ki riƙa yi masa a allo.

Ki gafarce ni in na yi rashin kunya. Allah ya ba ki lafiya.

’Yarki,
Linnea

*

Brainerd
Fabrairu 2007

Yaya Darla,

Ina gaisuwa, tunda an koya mana gaisuwa a gida.

Lauyan da ’yan inshora suka ba ni ya ce kada in rubuto miki ko harafi ɗaya. Shi bai girma da ke ba.

Na ga wasiƙarki a cikin littafin lissafin yarinya. Eh, na karanta, gidana ne. Wai sunana kawai kika ara. To ki sani sunan da kika ara ya fito a jaridar gari, a shafin kotu. Na shiga gidan bolin ranar Talata, abokina Duane ya ɗaga tire ya kare fuska yana ihu, “Ku kwanta, Gordy zai jefa!” Har mai gyaran takalma ya yi dariya. Na gode.

Brandvold ɗinki ya aiko wai in kawo rimot a duba inda igiya ta tsinke. Ki ce masa ya zo da kayan ninkaya. Ranar da aka kawo mini sammaci na tafi tafkin Gull, na huda ƙanƙara, na zura shi a ramin. Yana can tare da kifaye, su ma in ya fasa musu baki su kai ni ƙara.

Kin san wanda ya datse igiyar nan, ni ma na sani. Kina koya wa ’yar shekara sha biyar ƙarya a kan rantsuwa, ke da kike gaba gaba a coci. Ki fita harkar yarinyata. Za ta je, za ta faɗi almakashi, za ta faɗi inda kika tsaya kina tsalle kamar ’yar yara, ni kuma zan zauna in kalli fuskar lauyanki.

Na ji an ce kin rame. Ba laifi, da ma kina ta cewa za ki rage.

Ƙanenki, ko ba kya so,
Gordy

*

Duluth
Fabrairu 2007

Linnea,

Na gaishe ki. Wasiƙarki ta zo, ta ubanki ma ta zo. Tasa na ba Mista Brandvold, ya karanta wurin tafkin har sau biyu, ya ce bai taɓa samun kyauta irin wannan ba. Mutum ya jefar da shaida ya kuma sa hannu a ƙasa. Ki gaya masa haka, ni ba zan ɓata takarda a kansa ba.

Taki kuwa na karanta a tsaye, sai da na zauna. Ashe haka kike da ido. Yarinyar da in baƙo ya shigo take ɓuya a bayan firji, ita ce ta haddace mini magana kalma kalma.

Lokacin da ƙyanda ta kama ki, wa ya bar aiki ya zo ya zauna da ke? Ubanki yana gasar bolin a Fargo. Wa ya kai ki kanti ranar da kika fara zama mace, kina kuka a bayan mota? Wa ya tsaya a kanki har kika iya murza lefse, gurasar dankalin nan tamu, ba ya yagewa, irin na uwarki? Ban taɓa lissafa miki ba, kuma ban so yi ba. Ke kika ja.

Ba na ce ki yi ƙarya ba, tunda abin ya zame miki dutse. Ki ce ba ki tuna ba. Ranar biki ce, ana hayaniya, kin firgita, yara suna mantuwa. Babu alƙalin da zai kama ki a kan wannan. Kamfanin nan yana da bene cike da lauyoyi, ko a jikinsu. Ni kuwa haƙorana biyu na gaba sun tafi, kuma likita bai tabbata bakin zai buɗe kamar da ba. Su kike tausayi?

In kika ambaci almakashi, kin zaɓi ɓangare. Kada daga baya ki ce ban gaya miki ba.

Gwaggonki,
Darla

*

Brainerd
Maris 2007

Zuwa ga Gwaggo Darla,

Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya. Jiya aka yi zaman rantsuwar. Na ɗauka zan gan ki, sai Mista Brandvold ya ce hanya ta toshe da ƙanƙara. Na fi so ki ji daga wurina.

A mota Baba ya yi ta maimaita mini, “Almakashi, da inda ta tsaya. Shi ke nan. Abin da ba a tambaye ki ba, ki haɗiye.” Na ce to.

Ɗakin ƙarami ne, da dogon tebur. Lauyoyi uku, da wata mata mai buga duk abin da aka faɗa. Na ɗaga hannu na rantse. Matar ta ce in ƙara murya, na’urarta ba ta jin raɗa.

Mista Brandvold ya fara. Ya yi mini murmushi ya ce, “’Yata, ranar akwai ruɗani, ko? Ba mamaki wasu abubuwan sun ɓace miki.”

Gwaggo, na shirya in ce eh. Tun daga gida nake riƙe da kalmar. Amma ya ci gaba ya ce, “Igiyar tana hannun mahaifinki da ya jefa?” Sai na ji na ce a’a. Ya ce ina take. Na faɗa. Ya daina murmushi, ya shiga juya takardu. Baba yana bayana, na ji ya yi gyaran murya irin ta jin daɗi.

Daga nan lauyar kamfanin ta matso da kujera. Ba ta da faɗa, har ruwa ta zuba mini. Ta ce, “Mahaifinki ya ga gargaɗin?” Na ce ya gani. Ta ce me ya yi. Na ce ya danna ya wuce, ya ce, “Wa ke karanta wannan shirmen?” Ta ce ya san babu igiya? Na ce ya sani, don ya ɗaga guntun da ya rage yana kaɗawa, ya ce yau Darla ta yi abin hankali. Ta tambaya ko ya sha giya, na faɗa. Ta ce to a ganina, rimot ɗin zamewa ya yi?

Na ce bai zame ba. Na ce tun ina ƙarama nake zama a bayansa a gidan bolin ina aikin gida, na san jifansa. In ya kai ƙarshen taku yana buɗe hannu ya saki ƙwallo, ya ɗaga yatsu sama. A wasan, maɓalli kawai ake saki, amma hannunsa bai san haka ba. Ya buɗe shi duka, kamar kullum. Ta ce in nuna, na tashi na nuna. Lauyan Baba ya rufe ido.

A hanyar dawowa Baba ya yi ta tuƙi har muka wuce gada. Sannan ya ce, “Shekara goma sha biyar ana roƙonki ki yi magana. Yau kuwa sai ka ce rediyo.”

Na ce, “Tambayata aka yi, Baba.”

Ya ce, “Tambayarki aka yi ki tashi ki yi musu rawa?” Ya kunna labarin wasanni da ƙarfi. Yau da safe ya ajiye mini abin karyawa ya fita tun ban sauko ba.

Akwai abin da nake so in faɗa, ban taɓa faɗa wa babba ba. Ina fushi da ke, ina fushi da shi. Ke kin so in manta almakashi, shi ya so in manta hannunsa, kuma babu wanda ya tambaye ni ko ina iya barci. Ban zaɓi kowa ba. Ina zaune ne kawai a kan kujera da faranti a cinya, kuna wasanku. Duk abin da kika lissafa kin yi mini, gaskiya ne, ban manta ko ɗaya ba. Matsalar ke nan, ni ba na mantuwa.

Ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar. Allah ya ba ki lafiya.

’Yarki,
Linnea

*

Duluth
Afrilu 2007

Linnea,

Na amsa gaisuwa. An cire kamfanin daga ƙarar. Mista Brandvold, wanda da yake aiko mini da kati, yanzu sakatariyarsa ce ke amsawa. ’Yan inshorar ubanki sun ce laifin rabi da rabi ne, za su ba da abin da suka ga dama, ni in cike sauran. Na sa hannu. Aikinki ya yi kyau, malamarki ta ba ki maki.

Ban yafe ba, kada ki ɗauka wannan takardar yafiya ce. Kuma ban saba yarinya ta rubuto mini wai tana fushi da ni ba.

Ranar Ista zan gasa naman alade. Ba zan iya cinye shi ni kaɗai ba. Akwai bas da ke tasowa daga wajenku da safe, zan tsaya a tasha. Kujera ɗaya na ajiye. Ubanki kada ya tako mini ƙofa, ko ranar, ko wata rana. In kin zo kin zo. In ba ki zo ba, na gane, kuma ba sai kin ƙara ɓata kan sarki a kaina ba.

Darla

*

Brainerd
Afrilu 2007

Zuwa ga Gwaggo Darla,

Ina gaisuwa. Na gode da gayyata.

Ba zan hau bas ba. Baba ne zai kawo ni. Ya ce shi direba ne kawai, a mota zai zauna. Na ce masa in ya zauna a mota, ni ma a mota zan zauna. Ya ce sai mu daskare tare. Na ce to.

Za mu tsaya a ƙofar gidanki bayan an tashi daga coci. Ba zan ƙwanƙwasa ba, za ki gan mu ta tagar kicin.

’Yarki,
Linnea